Leza ko buɗe ƙoƙon kai: yadda muke bi da mai farfaɗiyar da ta gagari magani

Cikin kowane mutum uku masu farfaɗiya, kusan biyu magani yana riƙe musu ciwon. Na ukun shi ne yake isowa wurinmu, mu masu aikin tiyatar farfaɗiya. Tun 2010 ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta fayyace ma'anar abin: duk wanda aka ba shi magunguna biyu da suka dace da irin ciwonsa, a adadin da ya kamata, ya kuma sha su yadda aka umarce shi amma ciwon bai daina tashi ba, to farfaɗiyarsa ta gagari magani. Daga nan ba kasafai magani na uku ko na huɗu yake kawo ƙarshen ciwon ba. Duk da haka da yawa sai sun shekara goma, wasu ashirin, ana ta canja musu ƙwaya kafin wani ya ambata musu tiyata. Wannan jinkiri yana ci mana rai, domin a cikinsa ne karatu yake lalacewa, aiki yake kuɓucewa, ƙwaƙwalwar kanta take ƙara rauni.

Yanzu mafi yawan masu zuwa sun riga sun ji labarin leza, wato haske mai ƙarfi da ake zurawa ta ɗan huji a ƙona wurin da ciwon yake tashi. Maganar farko ita ce, "Likita, ni dai lezar nake so, ba na son a buɗe mini kai." Mun fahimci wannan tsoro sarai. Amma ba mu da amsar da za mu bayar a ranar farko, don ba za a san hanyar da ta dace ba sai an san daga ina ciwon yake tashi, da kuma girman wurin.

Aikin farko shi ne kwanciya a ɗakin sa ido. Ana manna wa mutum wayoyi ashirin da 'yan kai a fatar kai, na'urar EEG tana ɗaukar wutar ƙwaƙwalwa dare da rana, kyamara kuma tana ɗaukar motsinsa. Yawanci kwana uku zuwa bakwai ne. Muna rage magani sannu a hankali don ciwon ya tashi a gabanmu, da allura a hannu da maganin tsayar da jijjiga a kusa, saboda rage magani da gaggawa yana iya jawo doguwar jijjiga mai haɗari. Burinmu mu kama tashin ciwon sau da dama, sannan mu nuna wa dangi bidiyon mu tambaye su ko irin wanda suka saba gani ke nan. Wannan tambaya tana da muhimmanci. Wani lokaci janye magani yana tayar da wani irin ciwo da ba shi ne na kullum ba, idan aka bi shi a kai ga wurin da ba shi ba. A nan ne kuma ake gano waɗanda faɗuwarsu ba ta farfaɗiya ba ce, kuma ba su da kaɗan. Su tiyata ba za ta amfane su da komai ba.

Sai hoton MRI, mai nuna cikin ƙwaƙwalwa, a na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 3 idan da hali, a yanka hoton sirara kamar milimita ɗaya. A manya, inda ciwon ya fi yawan tasowa shi ne sashen ƙwaƙwalwa da ke daura da kunne, wanda muke kira tamforal, musamman can cikinsa inda wasu ƙananan sassa biyu suke, hifokamfus mai ajiye sabon abu a ka da maƙwabciyarsa amigdala. Idan hifokamfus na gefe ɗaya ya motse ya yi tabo, a hoton za a ga ya ƙanƙance kuma ya fi na ɗaya gefen haske. Muna ƙarawa da hoton PET, wanda yake nuna wurin da ba ya cin sukari yadda ya kamata tsakanin tashin ciwo da tashin ciwo. Masanin aikin ƙwaƙwalwa kuma yana zama da mara lafiyar sa'o'i da dama yana gwada tunaninsa: riƙe jerin kalmomi, tuna zane, kiran sunan abin da aka nuna masa. Dole mu san gefen da magana take zaune, wanda a mafi yawan mutane hagu ne. Muna duba shi da MRI na aiki, wani lokaci da gwajin Wada, inda ake sa wa rabin ƙwaƙwalwa maganin barci ta jijiyar wuya na 'yan mintoci a ga ko ɗaya rabin zai iya riƙe magana da tuna abu shi kaɗai. Dalilin wannan taka-tsantsan sananne ne. A 1953 an cire wa Henry Molaison hifokamfus na gefe biyu a Amurka, daga nan har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwarsa ba. Kafin a taɓa gefe ɗaya sai an tabbatar ɗayan yana da lafiyar ɗaukar nauyi.

Idan gwaje-gwajen nan suka saɓa wa juna, ko MRI bai nuna komai ba, sai mu shiga ciki da wayoyi. Hanyar SEEG ke nan, wadda Talairach da Bancaud suka assasa a Faris: wayoyi goma zuwa sha biyar, kaurin kowace bai kai milimita ɗaya ba, ana zura su ta ƙananan huji a bar su kamar mako ɗaya ko biyu. Bayan an gama duka, likitan jijiyoyi da likitan tiyata da mai karanta hoto da masanin aikin ƙwaƙwalwa su zauna a teburi ɗaya. A wannan zaman ne ake fara maganar leza ko buɗewa.

Bari mu bi ranar leza tukuna, mu ɗauki aikin da aka fi yi, wato ƙona hifokamfus da amigdala. Ana sa mutum barci, a kafe kansa da ƙarfen riƙewa, a ɗauki hoto a haɗa shi da taswirar da aka riga aka zana a kwamfuta. Ta ƙeya ake shiga, domin a bi tsawon hifokamfus daga baya zuwa gaba har a tsaya cikin amigdala. Zana wannan layi shi ne rabin aikin. Dole ya kauce wa jijiyoyin jini na saman ƙwaƙwalwa, da tsagogin da ke tsakanin lanƙwasarta, da kogon ruwan ƙwaƙwalwa. Ana yanka fata kamar milimita 4, a huda ƙashi da bakin huji na milimita 3.2, a ɗaura ɗan ƙusa mai rami a ƙashin don ya riƙe kwanar. Ta cikinsa ake zura bututu, cikin bututun kuma zaren gilashi mai ɗauke da hasken.

Na'urori biyu ne suka fi yaɗuwa. Visualase tana aiki da haske mai zangon nanomita 980, ƙarfinta ya kai wat 15, bututunta milimita 1.65 ne, ruwan gishiri ne yake zagayawa cikinsa yana sanyaya shi. NeuroBlate tana aiki da nanomita 1064, iskar kabon ce take sanyaya ta, kuma tana da baki mai harba haske gefe ɗaya. Hukumar FDA, mai kula da magunguna da kayan aikin lafiya a Amurka, ta amince da ta farko a 2007, ta biyu a 2009. Rahoton farko na amfani da wannan hanya a kan farfaɗiya ya fito a 2012, daga Daniel Curry da abokan aikinsa a asibitin yara na Texas.

Da zarar zaren ya shiga, ana kai mutum cikin MRI. Hoton farko na tabbatar da inda zaren ya tsaya ne. Kuskuren milimita biyu ko uku ya isa ya sa a fasa a sake zurawa. Sannan a kunna hasken da ƙarfi kaɗan, wat uku ko huɗu, a ga ko zafin ya bayyana inda ake tsammani. MRI tana auna zafin nama kowane 'yan daƙiƙu tana zana shi da launuka a allo. Nama yana fara lalacewa daga wajen digiri 43 zuwa 45 idan zafin ya daɗe, a digiri 60 kuma nan take yake mutuwa. Muna sa alamomin tsaro: kusa da bakin zaren kada ya wuce digiri 90, domin in ya kai 100 ruwan nama zai tafasa ya yi tururi, naman ya babbake, bututun ma ya lalace. A bakin wuraren da muke karewa, kamar hanyar gani da tushen ƙwaƙwalwa, muna sa iyaka a digiri 50 ko ƙasa da haka. Duk alamar da ta kai iyakarta, na'urar tana kashe kanta. Ƙonawa ta gaske tana ɗaukar minti ɗaya zuwa uku a wajen wat 10 zuwa 12, faɗinta kuma bai cika wuce santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sai a ja zaren baya kamar santimita ɗaya a sake, sau uku zuwa biyar, har ƙunar ta haɗu ta zama doguwa. Hoto na ƙarshe da allurar rini yana nuna zoben da ya kewaye naman da aka ƙona. A zare bututu, ɗinki ɗaya, washegari ko jibi mutum ya koma gida da maganin rage kumburi na 'yan kwanaki.

Inda ake samun matsala ya cancanci a tsaya a kansa, don yawancin masu neman leza ba su taɓa jinsa ba. Hifokamfus a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, zaren kuwa miƙaƙƙe ne. Layi ɗaya ba ya iya bin lanƙwasar duka, kuma abin da aka fi bari a baya shi ne ɓangaren kan hifokamfus da ya karkata ciki, da naman da ke ƙarƙashinsa. Idan ciwon yana da tushe a nan, zai dawo. Binciken Chengyuan Wu da abokansa na 2019, wanda ya tattara mutum 234 daga cibiyoyi da dama, ya nuna cewa ƙunar da ta fi karkata gaba, ciki da ƙasa ita ce ta fi ba da sakamako. Sai dai a can cikin ne jijiyoyin da ke juya ido suke wucewa, in zafi ya taɓa su mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, galibi na makonni ko watanni. Idan kuma aka yi nisa da baya ko sama, sai a ƙona hanyar gani, mutum ya rasa kusurwa ko ma rabin abin da yake gani.

Akwai kuma ruwan ƙwaƙwalwa da manyan jijiyoyin jini, waɗanda suke kwashe zafi su tafi da shi. Wani lokaci wannan kariya ce, don yana hana zafin tsallakawa zuwa tushen ƙwaƙwalwa. Wani lokaci kuma shi ne yake hana ƙunar kaiwa inda muke so. Ma'aunin zafin ma ba abin dogaro ba ne ido rufe. Bambanci yake aunawa tsakanin hoton yanzu da hoton farawa, saboda haka in aka ɗauki hoton farawa alhali naman bai huce daga ƙonawar baya ba, ko kan ya ɗan motsa, lambobin suna iya nuna ƙasa da ainihin zafin. Kusa da ƙashi, iska ko tsohon jini ma hoton yana rikicewa. A 2018 FDA ta rubuta wa likitoci gargaɗi a kan wannan kuskuren aunawa. Shi ya sa muke jira nama ya huce tsakanin ƙonawa da ƙonawa, komai tsawon ranar. Sannan duk abin da aka zura cikin ƙwaƙwalwa yana iya huda jijiyar jini, a nan kuma likita ba ya ganin jinin da idonsa balle ya tsayar da shi.

Tiyatar buɗewa ta fi tsufa nesa ba kusa ba, an kuma fi sanin halinta. Ana yanka fata daga gaban kunne a lanƙwasa zuwa sama, a ɗaga tsokar tauna, a yanke faifan ƙashi a ajiye, a buɗe tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Da madubin tiyata ake aikin. A gefen magana muna cire kamar santimita uku da rabi zuwa huɗu da rabi daga gaban sashen tamforal, a ɗaya gefen ana iya kaiwa biyar ko biyar da rabi. Daga nan a shiga kogon ruwa, hifokamfus ya bayyana a fili, a cire amigdala da santimita biyu da rabi zuwa uku na hifokamfus tare da naman da ke ƙarƙashinsa. Ana barin siririn tantanin da ke can ciki ba a huda shi ba, domin bayansa ne jijiyar da ke juya ido da tushen ƙwaƙwalwa da wata ƙaramar jijiyar jini suke, wadda in ta toshe rabin jiki yana iya shanyewa. Ana iya ɗora wayoyi a kan ƙwaƙwalwar a saurari wutarta ana cikin aiki. Sa'a uku zuwa huɗu, a mayar da ƙashi a ɗaure da ƙananan faranti na titaniyom. Kwana uku zuwa biyar a asibiti, wata ɗaya zuwa biyu kafin a koma aiki. Ciwon kai, kumburin ido da zafin muƙamuƙi wajen tauna abu ne da aka saba gani a makonnin farko. Akwai kuma hanya ta tsakiya, inda ake buɗewa amma a cire na ciki kawai a bar na waje.

Haɗarinta su ne ƙwayar cuta a rauni ko a faifan ƙashi, zubar jini, shanyewar jiki a mutane ƙalilan, da rasa kusurwar sama ta gani a gefen da ke kishiyar aikin, saboda zaruruwan gani suna zagayowa ta gaban kogon ruwan daidai inda ake shiga. Da yawa ba sa ma lura da wannan rashi sai an auna, amma a wasu ƙasashe yana iya hana lasisin tuƙi. Riba ɗaya da ba a cika ambata ba ita ce ana samun naman a kai ɗakin bincike. Sau da yawa a nan ake gano ƙaramin ƙari ko naman da bai ginu daidai ba tun a ciki, abin da hoto bai nuna ba. Leza tana ƙona shaidar a inda take.

To, lambobi. Tiyatar buɗewa tana da hujja mafi ƙarfi da likitanci ya sani, wato gwajin da ake raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A Kanada, a 2001, Samuel Wiebe ya raba mutum 80: bayan shekara, kashi 58 cikin 100 na rukunin tiyata sun rabu da ciwon da ke gusar da hankali, a rukunin magani kashi 8 kacal. A 2017 an yi irinsa a kan yara 116 a Indiya, aka samu kashi 77 da kashi 7. Lambobin leza kuwa daga bin diddigin waɗanda aka yi wa aikin suka fito. A binciken Wu, kashi 58 ne suka rabu da ciwo mai nakasawa bayan shekara ɗaya. Kada wannan 58 da waccan 58 su ruɗi mai karatu, don ba mutane iri ɗaya aka zaɓa ba, kuma lissafin Kanada ya haɗa har da waɗanda aka sa a rukunin tiyata amma ba a kai ga yi musu ba. Wani nazari na 2021 da ya tattara bincike masu yawa ya samu kashi 69 ga cire gaban tamforal, 66 ga cire na ciki kawai, 57 ga leza. A cikinsa manyan matsaloli bayan aiki sun fi yawa a buɗewa fiye da leza. Dukansu biyu kuma lambobinsu suna sauka da shekaru. A Landan an bi manya 615 da aka yi wa tiyata, aka samu kashi 52 ba ciwo bayan shekara biyar, 47 bayan goma.

Saboda haka abin da muke faɗa wa mutum shi ne, da leza yana sadaukar da kusan kashi goma na damar rabuwa da ciwon. Abin da yake saye da wannan kashi goma ya wuce ƙaramin tabo da saurin komawa gida. Sunayen abubuwa da na mutane suna zaune ne a naman waje da gaban sashen tamforal da zaruruwan da suka ratsa shi, wato daidai abin da ake cirewa ko ake ratsawa a tiyatar buɗewa. Kusan mutum ɗaya cikin uku da aka buɗe wa gefen hagu yana samun wahalar kamo sunan abu bayan aiki: ya san abin, yana ganinsa, sunan ya ƙi zuwa. A binciken Daniel Drane na jami'ar Emory a 2015, cikin mutum 19 da aka yi wa leza babu wanda ya ja baya a kiran suna ko gane abu, alhali 32 cikin 39 da aka buɗe sun ja baya. Ga malamin makaranta, lauya ko mai fassara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a lura, leza ma hifokamfus take kashewa, don haka riƙe sabuwar magana a ka yana iya raguwa ko da ita, musamman ga wanda tunaninsa yake da kyau kafin aiki kuma hifokamfus ɗinsa bai motse ba.

A ganinmu, mai tabon hifokamfus a gefen magana, wanda duk gwaje-gwajensa suka nuna wuri ɗaya, shi ne ya fi dacewa a fara masa da leza. Idan gefen da ba na magana ba ne, abin da za a rasa da buɗewa kaɗan ne, sai mu fi karkata ga buɗewa. Idan MRI bai nuna komai ba, ko wayoyin ciki sun nuna ciwon yana tasowa daga naman waje ko daga wuri mai faɗi, ƙunar santimita biyu ba za ta wadatar ba, kuma yin ta don kawai ta fi sauƙi ɓata wa mutum shekara ne. Haka idan ana zargin ƙari, muna son naman a hannu. Akwai kuma inda leza ta yi fice ba gardama: ɗan kumburin nan na haihuwa da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa a hifotalamus, mai sa yara dariyar da ba ta farin ciki ba, da ƙullutun nama da ke manne a bangon kogon ruwa. Isa waɗannan wurare da wuƙa yana nufin ratsa lafiyayyen nama mai yawa.

Abu ɗaya da muke ɗorawa a ma'auni ko da mutum bai tambaya ba shi ne mutuwar fuju'a ta masu farfaɗiya. A manya kusan mutum ɗaya cikin dubu take ɗauka a shekara, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai yawan babbar jijjiga, musamman cikin barci. Wanda yake irin wannan jijjiga a kai a kai, kashi goman nan yana da nauyi a wurinsa fiye da wanda ciwonsa ɗan gushewar hankali ne sau ɗaya a wata.

Bayan aiki, ko wanne aka yi, ba a tsayar da magani. Ana ci gaba da shi yadda yake aƙalla shekara ɗaya, sau da yawa biyu, sannan a fara tunanin ragewa idan EEG da MRI sun yi kyau. Jijjiga a makon farko ba lallai ta nuna aikin ya gaza ba, kumburi yana iya jawo ta. Baƙin ciki da damuwa suna yawan tasowa a watanni uku na farko, har ga waɗanda ciwonsu ya tsaya, shi ya sa muke tambaya a kowace ganawa ba ma jira a faɗa mana. Ana sake auna gani, a sake gwajin tunani bayan wata shida zuwa shekara. Idan ciwon ya dawo bayan leza, muna ɗora sabon MRI a kan tsohon mu ga abin da ƙunar ta bari. In ɗan yanki ne na hifokamfus ko amigdala, ana iya sake zura zare ta wata kwana. In kuwa ƙunar ta cika amma ciwon bai tsaya ba, alama ce tushen ya wuce inda aka zata, sai a koma ɗakin sa ido, sau da yawa da wayoyin ciki, kafin a shirya buɗewa.